An karɓe wa uwa 'yar Ojibwe yara: wane tallafin tarbiyya ne zai dawo da su gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ofishin kula da walwalar yara na wata gunduma a jihar Minesota ta Amurka, wata huɗu ke nan da farawa. An danƙa mini shari'ar wata uwa 'yar ƙabilar Ojibwe da aka karɓe wa yara biyu, ɗan shekara huɗu da jaririya 'yar wata biyar, saboda shaye-shaye da rashin tsayayyen muhalli. Na rubuta mata ta shiga ajin koyon tarbiyya da muke tura kowa, sai wakiliyar ƙabilar ta ce wannan bai wadatar ba, ana buƙatar tallafi mai tushe a al'adarsu. Mene ne wannan, kuma yaya ake yinsa a aikace?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Wakiliyar ƙabilar tana da gaskiya, ta fuskar doka da kuma ta fuskar abin da ke aiki. Shari'ar da ke hannunki tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1978 da ake kira ICWA, wadda ta shafi 'ya'yan 'yan asalin Amurka, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Jiharki tana da tata dokar ta 1985 da ta ƙara ƙarfafa ta. A sauran shari'o'i, abin da ake nema daga ofis shi ne ƙoƙari daidai gwargwado: a rubuta wa uwa inda za ta je, a ba ta lambar waya, sauran ya rage nata. A nan kuwa doka tana neman abin da za mu kira ƙoƙarin tashi tsaye, kuma ƙa'idojin tarayya na 2016 sun fayyace shi: ya zama na zahiri, cikakke, a kan lokaci, a yi shi daidai da al'ada da yanayin rayuwar ƙabilar yaron, tare da iyaye da dangi da ƙabilar kanta. Idan alƙali bai gamsu an yi wannan ƙoƙarin ba, ba shi da ikon tabbatar da riƙon yaran a hannun wasu ko yanke haƙƙin uwar. Takardar turawa aji kaɗai ba ta cika wannan sharaɗin.

Dole ki san abin da matar nan take gani idan kin shigo ɗakin. Daga ƙarni na 19 gwamnatin Amurka ta riƙa kwashe yaran ƙabilu zuwa makarantun kwana, irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, a aske musu gashi, a canza musu suna, a hukunta su in sun yi harshensu. Binciken da Ma'aikatar Cikin Gida ta fitar a 2024 ya ƙirga irin waɗannan makarantu 417, da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu. Da zamanin makarantun ya fara ja baya, sai ofisoshin walwala suka karɓi aikin: binciken da aka gabatar wa majalisar dokoki kafin 1978 ya nuna ana raba kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na yaran ƙabilu da iyayensu, kuma mafi yawansu ana kai su gidajen da ba na ƙabila ba. Wannan ya bar tabo iri biyu. Na farko, tsoron hukuma: matar da kakarta ta tashi a makarantar kwana ba za ta ɗauke ki mai taimako ba don kawai kin yi murmushi. Na biyu ya fi muni. Wanda ya girma a ɗakin kwanan makaranta, a hannun mai bulala, bai taɓa ganin yadda ake rarrashin yaro ba, sai ya haifi nasa ba shi da abin koyi. Sarƙar da ke ɗauko tarbiyya daga kaka zuwa uwa zuwa jika ce aka tsinke, kuma tallafin da wakiliyar ke magana a kai ƙoƙarin ɗaure ta ne.

Aikin farko shi ne tabbatar da ƙabilar tana cikin shari'ar da gaske. A Minesota akwai ƙabilu 11 masu gwamnatin kansu, bakwai na Ojibwe, huɗu na Dakota, saboda haka "Ojibwe" kawai bai isa ba. Ki san ko 'yar White Earth ce, ko Leech Lake, ko Red Lake, ko wata, ki kuma bincika ɓangaren mahaifin yaran. Ƙabila ce kaɗai ke yanke ko yaro nata ne, ba ofishinku ba, ba kotu ba. Dokar tarayya ta ce a aika sanarwa ta wasiƙar da ake sa hannu a karɓa, kuma ban da zaman gaggawa ba a sauraron shari'ar sai bayan kwana 10 da isar ta, iyayen ko ƙabilar kuma za su iya neman ƙarin kwana 20. Kuskuren da ya fi yawa shi ne aika sanarwa da guntun bayani, babu sunan uwa kafin aure, babu ranakun haihuwar kakanni, sai ofishin ƙabilar ya kasa gano yaron a rajista, bayan shekara guda gaskiya ta fito a rushe duk abin da aka gina. Tunda ke kin riga kin sami wakiliya, ki riƙe ta da hannu biyu. Kada ki rubuta tsarin aikin uwar ki kai mata don sa hannu. Ku zauna ku rubuta tare, uwar tana wurin.

Na biyu, dangi, kuma a nan ne ya kamata ki fi daɗewa. Doka ta jera waɗanda za a fara bai wa riƙo: dangin yaron, sai gidan da ƙabila ta amince da shi, sai gidan 'yan asali mai lasisin jiha, sai cibiyar da ƙabila ta yarda da ita. Ƙabila na iya sauya wannan jerin da ƙudurinta, kuma al'adarta ce ke faɗin wane ne dangi. Ke Bahaushiya ce, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinki. Kin san yaro na iya tashi a hannun goggo ko inna ba tare da kowa ya ce uwarsa ta yasar da shi ba, kin kuma san uwar da ke kawar da kai daga ɗan fari kunya take yi, ba ƙiyayya ba. Ki tuna yadda baƙon ma'aikaci zai rubuta wannan a rahoto in bai san mu ba. Haka ake yi wa waɗannan iyalai. Yaron da ke kwana yau a gidan kaka, gobe a gidan 'yar'uwar uwa, sai a rubuta "ba shi da tsayayyen mai kula". Uwar da ta sunkuyar da kai ba ta kallon idon jami'i, sai a rubuta "ba ta damu ba", alhali ladabi take yi. Wadda ta bar ɗan shekara huɗu ya gwada abu da kansa tana kallo daga gefe, sai a ce sakaci. Kafin ki rubuta fassarar kowane hali, ki tambayi wakiliyar ko wata dattijuwa yadda su suke karanta shi.

Neman dangin kansa yana da hanya. Dokar tarayya ta ba ofis kwana 30 daga ranar ɗauke yaro ya sanar da manyan dangi, amma wasiƙa daga ofishin da ya ɗauke yaran da wuya a amsa ta. Ki zauna da uwar da takarda babba ku zana bishiyar dangi ta ɓangarorin biyu har zuwa kakannin kakanni. Kada ki tambaye ta wa zai karɓi yaran, domin kunya da fushi za su sa ta ce babu kowa. Ki tambaye ta wa ya zo ranar da ta haihu, wa ya raɗa wa yaron sunan gargajiya, gidan wa take zuwa in abinci ya ƙare. Sunayen da za su fito ki bi su da ƙafa, tare da ma'aikacin ƙabila. Za ki ci karo da cikas iri ɗaya kusan kullum: kaka tana so amma ɗakunanta biyu ne, ko akwai wani a gidan da tsohon laifi a tarihinsa, ko ba ta da gadon jariri. Sharuɗɗan lasisi da ba su shafi lafiyar yaro kai tsaye ba, irin faɗin ɗaki, ana iya ɗage wa dangi su, kuma tun 2023 an bai wa jihohi da ƙabilu damar yin lasisi na musamman don dangi. Gadon jariri da kujerar mota da na'urar gargaɗin gobara kuwa saye ake yi, kuma sayen yana cikin ƙoƙarin da doka ke nema. Ki matsa a yi wa kakar lasisi, domin dangin da suka karɓi yaro ba lasisi sukan sami tallafin kuɗi ƙasa da na baƙon mai riƙo, sai nauyi ya fi ƙarfinsu a wata na uku su dawo da yaran. Abin da ba a sassauci a kai shi ne haɗari na gaske: in akwai mai tarihin cin zarafin yara a gidan, zumunci ba ya goge wannan.

Idan dangi sun samu, a kira taron iyali. Wannan tsari ya shiga doka ne a Niyu Zilan a 1989, bayan 'yan Maori, 'yan asalin ƙasar, sun yi ƙorafin yadda hukuma ke raba su da 'ya'yansu, kuma ƙabilu da yawa a Amurka suna yinsa ta tasu sigar. Ana buɗewa da addu'a ko al'adar gidan, jami'ai su faɗi damuwarsu a fili da abin da ba za a iya tsallakewa ba, sannan su fita su bar dangi su kaɗai su tsara wa zai riƙe yaran, wa zai kai uwar asibiti, wa za a kira da tsakar dare in ta ji za ta koma shan. Fitar jami'ai ita ce ruhin abin. Inda ake ɓata shi shi ne a yi taron a ofis ƙarfe goma na safiyar ranar aiki, ma'aikata shida dangi biyu, tsarin kuma an riga an buga shi. Ku yi shi da yamma ko ƙarshen mako, a wurin da dangi suka zaɓa, da abinci, da kuɗin man mota ga masu zuwa daga nesa. In ana dukan matar a cikin lamarin, a tattauna da uwar a keɓe tun kafin taron wa take tsoron zamansa.

Yanzu ajin kansa. Wanda aka fi sani shi ne Positive Indian Parenting, wanda NICWA, ƙungiyar kula da walwalar yaran 'yan asali mai mazauni a Portland ta jihar Oregon, ta tsara tun shekarun 1980. Zama takwas ne: tarbiyyar gargajiya, darasin mai ba da tatsuniya, darasin allon goyo, daidaito a renon yaro, gyaran hali ta hanyar gargajiya, darasin da ake koya daga halittu, yabo, da zaɓin da ke gaban iyaye a yau. Bambancinsa da ajinku yana cikin inda yake farawa. Ajin gama-gari yana farawa da abin da uwa ta kasa. Wannan yana farawa da tambayar yadda kakanninta suka yi reno kafin makarantun kwana, sannan a duba abin da za a iya ɗauka a yi amfani da shi a gidan haya a birni. Misali, gyaran hali ta tatsuniya da zolaya mai taushi da jan hankalin yaro zuwa wani abu, maimakon tsawa. An tsara shi ne don kowace ƙabila ta zuba nata a ciki, saboda haka mai koyarwa ya zama ɗan al'ummar, da dattijo a gefensa. Ƙabilun da gwamnatin tarayya ta amince da su sun haura 570, kuma koya wa 'yar Ojibwe al'adar ƙabilar Nabaho da sunan "al'adar 'yan asali" cin fuska ne. Ko a cikin Ojibwe akwai ƙa'idoji: wasu tatsuniyoyi ba a faɗinsu sai lokacin hunturu da ƙanƙara ta rufe ƙasa, kuma in za a roƙi dattijo ilimi ko addu'a ana miƙa masa taba ta gargajiya. Ki sa kuɗin sallamar dattijon a kasafi, lokacinsa ba kyauta ba ne.

Allon goyo ya shafi jaririyarki kai tsaye. Katako ne mai shimfiɗa da ake naɗe jariri a kai a ɗaure, da lanƙwasasshen kariya a saman kai, kusan matsayin goyo a wurinmu. Haɗa shi da hannu, tare da dattijuwa, yana ba uwar aikin da za ta yi wa 'yarta alhali ba sa tare, kuma yana kwantar da jariri a rigingine, wanda shi ne kwanciyar da likitoci ke so. Sai a kiyaye abu huɗu: kada mayafi ya rufe fuska, kada zafi ya yi yawa, kada a matse ƙafafu a miƙe har ƙugu ya kasa motsi domin hakan na iya gurɗa ƙashin ƙugu, kuma ba ya maye gurbin kujerar mota.

Aji na mako takwas ba ya isa ga uwar jaririya. Ki nemi shirin ziyarar gida, irin Family Spirit da jami'ar Johns Hopkins ta gina tare da ƙabilun Nabaho da Apache. Ma'aikaciya 'yar al'ummar ce ke zuwa gida da darussa 63, daga ciki har yaro ya cika shekara 3. A gwajin da aka yi da matasan iyaye mata 322, waɗanda suka samu shirin sun fi sanin reno, alamun ciwon damuwa da shan ƙwaya sun ragu a cikinsu, 'ya'yansu kuma sun fi natsuwa. Gaskiyar da za a faɗa ita ce an gwada shi a matsayin rigakafi, ba a kan iyalan da kotu ta riga ta raba ba, saboda haka ki ɗauke shi ƙari a kan maganin shaye-shayen, kada ya zama madadinsa. Ki kuma kiyaye abu guda: mai ziyarar gida in ta zama 'yar leƙen asirin ofis, uwar za ta rufe bakinta daga ranar. Ku rubuta tun farko abin da za ta kai rahoto, wato halarta da duk wani haɗari ga yaro, sauran hirar ta zauna tsakaninsu, kuma uwar ta san da haka.

Abin da ya fi kayar da iyaye mata irin wannan shi ne tara musu sharuɗɗa. Aji ranar Talata, gwajin fitsari sau uku a mako, ganin mai ba da shawara, neman aiki, neman gida, ziyarar yara a wani gari, duk ga matar da ba ta da mota kuma kuɗin wayarta kan ƙare. In ta faɗi sai a rubuta ba ta ba da haɗin kai ba. Ki jera su bisa gaggawa. Wata na farko: maganin shaye-shaye, wurin kwana, da ganin yara. In ƙwayoyin dangin ofiyom ne, a haɗa ta da likitan da ke ba da maganin yaye su, kuma shan wannan maganin ba komawa shaye-shaye ba ne, kada a ƙirga mata shi laifi. Ki fara neman cibiyar da ke karɓar uwa tare da jaririnta. Aji ya biyo baya idan kanta ya dawo daidai. Ki cika takardun neman gida tare da ita, ki kai ta alƙawarin farko da kanki, in ta ɓace ki neme ta ta wurin dangi. Ki tuna kuma ƙa'idojin 2016 sun ce talauci, ko cunkoson gida, ko zama uwa ba miji, ko ma shaye-shaye shi kaɗai, ba hujja ba ne sai an nuna yadda yake jawo wa wannan yaron mummunar cuta.

Ziyara ita ce filin da tarbiyyar ke zama aiki. Awa ɗaya a mako a ɗakin ofis, ma'aikaci na rubutu a kusurwa, ba ya gina shaƙuwa da 'yar wata biyar. Jariri yana buƙatar gani sau da yawa a mako ko da gajere ne, a gidan kaka in zai yiwu, uwar ta yi wanka da ciyarwa da kwantarwa da hannunta. In tana shayarwa kuma likita ya amince, a tsara yadda nonon zai riƙa isa. Bikin raɗin suna, taron rawar gargajiya, girbin shinkafar ruwa a ƙarshen Agusta da Satumba, jana'izar dangi, duk a saka su cikin jadawalin. Kada a taɓa soke ziyara don hukunta uwa a kan gwajin da ya fito ba kyau, sai dai in ta zo a buge. Kuma ɗan shekara huɗu zai yi kuka da rigima bayan kowace ziyara. Masu riƙo sukan ɗauka ziyarar ce ke cutar da shi, alhali rabuwar ce, sai ki yi musu bayani tun kafin su kai ƙara. Ki gargaɗe su kuma kada su aske masa gashi ba izinin uwar.

Agogo yana tafiya, wannan kuma dole ki faɗa mata ba ɓoye-ɓoye. Dokar tarayya ta 1997 ta sa a yi zaman yanke makomar yaro cikin wata 12, kuma in ya yi wata 15 cikin 22 a riƙo ana sa ran ofis ya nemi yanke haƙƙin iyaye. Warkewa daga shaye-shaye sau da yawa ta fi haka daɗewa, da faɗuwa da tashi a tsakani. Amma akwai togaciya: in yaron yana hannun dangi, ko ofis bai samar da hidimar da ya kamata ba, ko akwai ƙwaƙƙwaran dalili, ba dole a nemi yankewar ba. Wannan wani dalili ne na sa yaran a gidan kaka tun farko. Yanke haƙƙi a ƙarƙashin ICWA yana buƙatar hujjar da ba ta bar shakka ba, irin ta shari'ar laifi, da shaidar masanin al'adar ƙabilar, wanda ba zai zama ke mai riƙe da shari'ar ba. Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da dokar ICWA a Yunin 2023 da rinjayen alƙalai 7 a kan 2. Uwar ko ƙabilar na iya neman a mayar da shari'ar kotun ƙabila, kuma in har komawa gida ta gagara, wasu ƙabilu irin White Earth suna da riƙon gargajiya na dindindin, inda yaro ke samun tsayayyen gida ba tare da an goge uwarsa daga rayuwarsa ba.

Rubuta komai dalla-dalla: ranar da kika kira, wa kika samu, me kika kai, me ya hana, me kika yi a kan abin da ya hana. "An tura ta aji" ba shaida ba ce. "Na kai ta ranar kaza, motar haya ba ta zuwa unguwar bayan ƙarfe shida, mun shirya da ƙanwar mahaifiyarta ta riƙa ɗauko ta" ita ce shaida. Harshen da kike rubutu da shi ma yana da tasiri a kan yadda alƙali zai ga matar. Ƙabilar Red Lake ta sauya sunan ofishinta na yara zuwa wani suna na Ojibwe mai ma'anar ɗaga 'yan'uwanmu, kuma 'yan'uwa suke kiran mutanen da suke yi wa aiki.

Kada ki manta da mahaifin yaran da danginsa, ko da ba ya nan. Akwai shirye-shiryen iyaye maza na ƙabilu, irin Fatherhood Is Sacred, kuma sau da yawa goggon da za ta riƙe yaran tana wannan ɓangaren. Idan yaran suka koma gida, watannin farko su ne mafi haɗari, domin a lokacin ne hidimomi ke janyewa, nauyi kuma ya dawo gaba ɗaya. Kafin ranar komawar ku fara da kwana ɗaya, sai ƙarshen mako, sai mako guda. Mai ziyarar gida ta ci gaba da zuwa, a tanadi wurin renon yara na rana, kuma a rubuta sunayen mutum biyu ko uku daga dangi da uwar za ta iya miƙa wa yaran na kwana biyu in ta ji ta gaji ko tana tsoron komawa shan, tare da amincewar kotu a rubuce cewa yin hakan ba za a ƙirga mata shi gazawa ba.